Dogo Uku da Ɗoriya

Auta ita ta jawo wa kanta, babu wanda ya aike ta. Da kamfanin buga littattafan yara ya ba ta aikin zana littafin girman dabbobi, sai ta ce ita ba za ta cika wa yara ido da mita da santimita ba. Ɗan shekara biyar in ka ce masa giwa mita uku ce, daidai yake da ka ce masa talatin, kai kawai zai gyaɗa maka. Gara a tsayar da mutum kusa da kowace dabba, yaro ya gani da idonsa. Mutumin kuwa ba sai an fita nema ba, yana gida yana shan shayi: mahaifinta, tsohon kafinta, wanda sunansa na gaskiya ya ɓace tun yana saurayi, kowa Dogo yake ce masa.

Wata huɗu tana abu ɗaya. Ta zana Dogo tsaye kusa da jimina, jimina ta yi shi ɗaya da rabi tana leƙen hularsa. Ta zana shi kwance gefen kada ya rufe fuska da hula, wai barci yake yi. Ta sa bushiya a cikin takalminsa, ta ɗora masa hawainiya a ɗan yatsa. Amma shafin da ya fi tafiya da hankalin tsohon shi ne na raƙumin dawa. Dogo uku ne a wurin, wani tsaye a kan wani, na can sama ya zarce kan dabbar da kamar taƙi ɗaya yana kallonta ƙasa-ƙasa. A ƙasan hoton an rubuta da manyan baƙaƙe: Raƙumin dawa bai kai Dogo uku ba.

Wannan magana babu wanda bai ji ta ba a layin. Mai aski ya ji, mai gyaran rediyo ya ji sau biyu, har wanda ya zo karanta mitar wuta sai da aka tsayar da shi a bakin ƙofa aka ba shi labari.

Matsalar ta ɓullo ne ranar Laraba, a ofishin editar kamfanin, wata mata mai siririn tabarau wadda ma'aikata suke kira Jan Biro in ta ba da baya. Ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta duba awon kowace dabba da littattafan masana, duk ta samu daidai, abin da ya ɗan ɓata mata rai. Sai ta zo shafin ƙarshe, inda aka rubuta tsawon Dogo don yara su gwada kansu da shi a bango.

"Santimita ɗari da tamanin da takwas," ta karanta. "Wa ya auna shi?"

"Shi ya faɗa," in ji Auta. "Tun ina ƙarama haka yake faɗa. Kafinta ne fa, ba ya wasa da awo."

"Giwa ma da za a tambaye ta, sai ta ƙara wa kanta. Dabba ashirin da huɗu kin jingina su a kan mutum ɗaya, kuma shi kaɗai ne ba a auna ba. Ki je ki auno shi. Litinin littafin zai tafi wurin masu bugawa."

Auta ta fito tana gunaguni. Amma da ta isa gida ba ta iya cewa Baba zo in auna ka ba, ita kanta ba ta san dalili ba. Sai ta ce masa ya tsaya jikin bangon ɗakin aikinsa, wai tana son ta sake duba yadda kafaɗarsa take. Ya cire takalmi da hula ba a ce masa ba, ya miƙe, ya cije leɓe irin na masu ɗaukar hoton katin shaida. Ta yi kamar tana gyara masa wuyan riga, ta ɗan ɗiga fensir a bango daidai saman kansa. Yana fita ta ɗauko tef ɗinsa na awo.

Ɗari da tamanin da biyu.

Ta sake. Ta juya tef ɗin ta auno daga sama zuwa ƙasa, ko ƙasar ce ke da tudu. Tef dai bai canza magana ba. Ta zauna a kan bencin aikin ta yi lissafi a bayan takardar yashi: raƙumin dawan littafinta mita biyar da rabi ne, Dogo uku na yanzu kuwa ba su kai ba, saura yatsa biyu. Dabbar ta ci Baba. Ta so ta yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Ita a ranta Baba yana nan yadda yake ranar da ta fara ɗaga kai ta gan shi, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa yana raguwa ba.

Ta sami Mama a ɗakin ɗinki, bakinta cike da allurai, tana fama da hannun wata riga. Mama gajeriya ce ta gaske, irin wadda sai ta taka kujera take sauko da tukunya daga kanta. Auta ta rufe ƙofa ta faɗa mata cikin raɗa, tana jiran ta ga allurai sun zube.

Mama ta cire allurai ɗaya-ɗaya ta soke su a matashi. "Yau kika sani?" Ta jawo wani wando daga cikin kayan guga, ta juya ƙafarsa ta nuna mata. Layin ɗinki uku ne, wani sama da wani. "Shekara tara ke nan ina naɗe masa. In na wanke sai in rage kaɗan, in goge, in mayar inda ya ajiye. Bai taɓa lura ba."

"Mama, to littafin fa?"

"Littafin naki ne, miji nawa ne. Mutumin nan haƙora sun tafi bai damu ba, ido ya yi rauni ya ce ai dama ya gaji da kallon mutane. Tsawon nan shi kaɗai ya rage masa yake taƙama da shi. Kada ki kuskura ki gaya masa. Ki rage wa raƙumin wuya mana, wa zai je daji ya auna?"

Washegari Auta ta gwada sa'arta a waya. Ta ce wa Jan Biro ai raƙuman dawa ba duka suke kai haka ba, a samo wani matsakaici. Jan Biro ta ce shafin na mafi tsawo ne, ba na matsakaici ba. Auta ta ce to a auna Baba da takalmi da hula, ai da su aka zana shi.

"Jiminar da hula muka auna ta?" in ji Jan Biro. Sai kuma muryarta ta ɗan sauka. "Na gane abin da ke damunki, ni ma ina da uba. Amma yaro zai tsaya jikin bango da wannan lambar, ya yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ba zan sa hannu a kan abin da na san ba haka yake ba."

Auta ta wuni ranar tana zana ƙahon raƙumin dawa tana gogewa. Ga Mama ta kafa mata ido, ga Litinin na matsowa, ga Baba yana shiga yana fita yana tambaya ko za a sa shafinsa a bangon littafin.

Ranar Asabar da hantsi ya kira ta ɗakin aiki. Ta same shi tsaye, ya ɗora yatsa a kan ɗigon fensirin nan da ta manta ba ta goge ba.

"Wa ya yi min alama a bango?"

"Ni ce, Baba. Ina gwada bakin fensir ne."

"A daidai saman kaina." Ya zaro tef daga aljihu, ya taka bakinsa da babban yatsa, ya ja shi sama, sau ɗaya tak. "Ɗari da tamanin da biyu. Hannunki ya faɗa, ba laifi. Amma wannan awon safe ne. In yamma ta yi, tamanin da ɗaya da rabi nake."

Ya juyo ya kalle ta, ya ci gaba.

"Ke kina zaton kafinta zai rasa santimita shida bai sani ba? Ƙofar ɗakin Mamarki ni na yi ta, ɗari da tamanin da biyar. Shekara arba'in ina sunkuyawa in zan shiga. Wata rana na ɗauko mata keken ɗinki, hankalina na kan keken, na wuce a miƙe. Sai da na ajiye na tuna ban bugu ba." Ya bar tef ɗin ya koma gidansa da ƙara. "Na daɗe a zaune ranar, ba zan ɓoye miki ba."

"Amma Baba, har yau kana sunkuyawa."

"Don ita nake yi. Mamarki dogon mutum ta aura, shi take faɗa wa ƙawayenta tun muna da sauran baƙin gashi. Me zai sa in rage mata? Kada ki gaya mata."

Nan fa Auta ta ga ta kanta: amana biyu a hannu ɗaya, kuma kowacce ta hana ta faɗar ɗayar. Tausayinsu ya kama ta, dariya kuma tana cin ta, har hawaye ya fito ba ta san na wanne ne ba.

"To littafin, Baba? Raƙumin dawa ya wuce ka."

Ya shafa gefen benci. An ga abin ya yi masa zafi, ba ƙarya.

"Da nawa?"

"Yatsa biyu."

"Ki ba shi abinsa. Ban taɓa yi wa babba ha'inci a awo ba, ba zan fara da yara ba. Sai dai lambar nan ta ƙarshe, ki sa su rubuta ta ƙanana. Mamarki ba ta ganin ƙananan rubutu."

Kwana biyu Auta ta yi tana gyara. Jimina ta ƙara leƙo hula, kada ya ƙara tsawon wutsiya, na saman Dogo uku ya koma yana ɗaga ido yana hararar ƙaho. Jan Biro ta duba, ta mayar da murfin bironta ba ta ja ko layi ɗaya ba.

Bayan sati shida aka kawo littafin, yana ƙamshin sabuwar takarda. Auta ta ajiye shi a tebur bayan an karya, ta ja gefe ta tsaya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Baba da Mama suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna buɗewa. Aka yi dariyar bushiya. Aka yi gardama a kan ko hancin Baba ya kai yadda aka zana shi. Aka wuce giwa, aka wuce dorina. Shafi na gaba kowa ya san na wane ne.

Baba ya lashi yatsa ya haɗa shafi biyu zai juya su tare. Ashe Mama ma ta riga ta kama su ta ƙasa, ita ma biyun ta haɗa. Shi yana ja ta sama, ita tana ja ta ƙasa, kowa na sauri kada ɗayan ya gani, sai littafin ya suɓuce ya buɗe da kansa a daidai wurin. Manyan baƙaƙe, ko ba tabarau: Raƙumin dawa ya kai Dogo uku da ɗoriya.

Auta ta sami wani abin kallo a silin.

"Ashe dabbobin nan ƙara girma suke yi," in ji Mama, tana kaɗe abin da babu a kan tebur.

"Cimar zamani ce," in ji Baba. "Komai yanzu da taki ake noma shi."

Suka kalli juna. Mama ce ta fara gane cewa ya sani, shi kuma ya gane a fuskarta cewa ta daɗe da sani. Kunya ta kama tsohon, ya sunkuyar da kai yana murza bakin shafin.

"Tashi tsaye, Malam," in ji Mama.

Ya tashi. Ta zagayo ta tsaya a gabansa dab da dab, ta ɗora tafin hannu a saman kanta, ta kai shi a miƙe har ƙirjinsa. Hannun ya sauka a kan maɓallin aljihun rigarsa.

"Shekara hamsin da ɗaya a nan kaina yake tsayawa," ta ce. "Ka ga ya motsa?"

Ya duba maɓallin, ya duba ta. "Wato ke ma..."

"Ni ma. Tare muke sauka, ba ka bar ni ba, ban bar ka ba."

Baba ya dafe hannun nata a inda yake a kan aljihun, ya riƙe, ya ƙi saki.