Maraƙin da Ya Sha Turaren Alhaji

Duk Jakara babu wanda bai san Hajiya Luba da hancinta ba. Shekara arba'in tana haɗa humra da turaren wuta, kuma tun kana zaure za ta gaya maka irin sabulun da ka yi wanka da shi. Ita zuriyar Larabawan nan ce da kakanninsu suka ƙetaro sahara da fatauci suka zauna cikin birni, gidansu kuwa ko tsumman goge-goge ƙamshi yake yi. Shi ya sa mutane ke mamakin yadda mace irin wannan take zaune da saniya a kangon bayan gidanta.

Saniyar ta mijinta ce, marigayi Alhaji Abdussalam. Likita ne ya ce ya riƙa shan madara, shi kuma da yake ba ya yin abu rabi-rabi, sai ya sayo saniya sukutum, fara ƙal, ya sa mata suna Gimbiya. Kullum da safe sai ya shafa turarensa a hannu da gemu, sannan ya shiga kango da kwanon dusa, ita kuma ta cusa hancinta cikin hannun rigarsa kamar mai neman wani abu da ta ajiye. Turaren nan Hajiya ce ta haɗa masa da wani guntun ambar, ƙamshin nan mai tsada da ake samowa daga teku, wanda ya gada wurin kakansa, ba ta taɓa sayar wa kowa ko ɗigo ba. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Ambar ya ƙare tuntuni, abin da ya rage na turaren rabin 'yar kwalba ce a ƙasan akwatinta. Ranar da kewa ta dame ta sai ta buɗe, ta shaƙa sau ɗaya, ta yi maza ta toshe.

To, a daminar bana Gimbiya ta haihu, maraƙin ya yi kwana tara zawo ya kama shi, ranar Lahadi da hantsi ya mutu. Irin shanunmu kuwa ba sa sakin nono sai sun ga ɗansu a gaba. Gimbiya ta riƙe nononta ƙam, hantsa ta kumbura, ta bi ta cika unguwa da kuka.

Da la'asar Mustapha, autan Hajiya, ya zo daga shagonsa na kasuwar Kurmi. Ya tsaya bakin kango yana ɗage ƙafar wando saboda caɓi.

"Umma, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa," in ji shi. "Da ma don madarar muke jure ɗawainiyarta. In nonon ya ƙafe, shekara guda za ta yi tana cin dusa a banza, ga maƙwabta na ƙorafin wari, ga ƙafarki ba lafiya. Ranar Juma'a kasuwar Wudil ke ci. Zan zo da mota a kai ta a sayar."

"Auta, saniyar mahaifinka ce fa."

"Na sani, Umma. In ta ba da nono kafin Juma'a, wallahi ba zan ƙara tayar da maganar ba."

Ba mugun yaro ba ne, gaskiya ma ya faɗa, kuma abin da ya fi ɓata wa Hajiya rai ke nan. Yana fita ta ɗauki waya ta kira Malam Sule, dattijon Bafulatanin da ke kai Gimbiya rugarsa a bayan Dawanau duk lokacin da ake son ta ɗauki ciki.

"Abu mai sauƙi ne, Hajiya," in ji Malam Sule. "A sa mahauci ya feɗe maraƙin yanzu, a ajiye mini fatar. Zan nemo maraya in zo da shi. In muka yafa masa fatar ɗanta, ta ji warinsa, shi ke nan ta karɓe shi. A ajiye fatar kawai."

Aka feɗe, aka rataye fata a kango. Amma damina ce, kuma neman marayan maraƙi ya ɗauki Malam Sule kwana biyu. Kafin azahar ɗin Litinin Hajiya ta soma jin fatar daga cikin ɗakinta. Ta daure, ta kunna turare, ta rufe taga. Da gari ya waye ranar Talata haƙurinta ya ƙare. Ta ce a ranta, yaya za a yi baƙo ya zo gidanta, ko da dabba ne, a yafa masa wannan ƙazanta? Ta sa aka kawo baho, ta wanke fatar da sabulu sau uku, ta ɗauraye, ta shanya, sannan ta kifa kwando a kan kasko ta turara ta da turaren wuta mai kyau, irin wanda take yi wa amare. Da ta gama ta naɗe ta tsaf tana jin daɗin aikinta.

Ranar Laraba da safe adaidaita sahu ya sauke Malam Sule a bakin titi, don lungunsu ko kurar ruwa ba ta shiga sai da dabara. Ya saɓo maraƙin a wuya ya shigo. Ɗan ja ne, kwanansa shida a duniya, uwarsa ta mutu wajen haihuwa, ƙafafunsa kamar sillen kara. 'Yardada mai gurasa, ƙawar Hajiya tun ƙuruciya, ta bar tanderunta ta biyo shi, don ita ba a yin abu a lungun nan babu ita.

Hajiya ta miƙo fata da hannu biyu. Malam Sule ya karɓa, ya warware, ya kai hanci. Ya ɗago ya dube ta.

"Hajiya, wannan fatar ce?"

"Ita ce. Ɗan gyara ta na yi."

"Gidan miji za mu kai shi ne?"

'Yardada ta fashe da dariya har tana dafa bango. Malam Sule kuwa ya zauna a kan turmi ya riƙe kai.

"Warin nan da kika wanke, shi muke nema," in ji shi. "Nagge ba ta san ɗanta da ido ba, da hanci ta san shi. Yanzu kin wanke ɗan nata kin zubar a kwata."

Kunya ta kama Hajiya har ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ita da ake zuwa tun daga Mandawari a tambaye ta sha'anin ƙamshi, yau ga ta ta kasa gane abin da saniya ta sani.

Duk da haka aka gwada. Aka ɗaura wa maraƙi fata aka tura shi gaban Gimbiya. Ta sunkuyo ta shinshina, ta yi atishawa, ta sa ƙaho ta ture shi cikin caɓi. Malam Sule ya cire fatar, ya jiƙa kanwa da gishiri ya shafe bayan maraƙin, wai in ta lashe shi sau ɗaya zuciyarta za ta yi laushi. Gimbiya ta lashe gishirin tas, ba ta bar ko ƙwaya ba, da maraƙin ya lallaɓa ya nufi hantsa sai ta ɗaga ƙafa ta harbe shi.

"Ka ga 'yar birni," in ji 'Yardada. "Ta ci toshi ta ce ba ta son mijin."

Ranar Alhamis aka ɗaure mata ƙafafun baya, Malam Sule ya riƙe ƙaho, aka kai bakin maraƙi kan nono. Ya tsotsa, ya tsotsa, bai sami komai ba, don ta riƙe abinta. Aka dama madarar gari a fidar jarirai, ya sha kaɗan ya kau da kai. Kafin la'asar ya kwanta a gindin bango, idanunsa sun faɗa, ko ƙuda ba ya iya kora. Malam Sule ya ce in bai sha nono ba zuwa gobe, to sai dai a yi haƙuri da shi ma.

Hajiya ta zauna a kan kujerar tsuguno tana kallonsu, saniya a wancan gefe, maraya a wannan. Tausayin maraƙin ya cika ta, ga haushin kanta, ga Juma'a ta zo. In motar nan ta tafi da Gimbiya, babu sauran abin da zai riƙa motsi a gidan nan wanda Alhaji ya taɓa da hannunsa.

"Ke ma kin san halinta," in ji 'Yardada, wannan karon ba da wasa ba. "Mutum ɗaya ta taɓa yi wa biyayya a duniya. Kin tuna haihuwarta ta fari? Ɗan cikinta ma ƙin sa ta yi, sai da Alhaji ya dawo daga kasuwa ya rungumo shi ya kai mata."

Hajiya ta tuna. Ta tuna har da yadda Alhaji ya shafa bayan maraƙin da tafin hannunsa, da yadda Gimbiya ta bi wurin da hanci kafin ta soma lasa. A lokacin cewa aka yi saniya ta ji maganar maigidanta. Yanzu da ta sake dubawa da hancinta na mai turare, sai ta ga ba magana Gimbiya ta ji ba. Ta juya ta dubi dattijon.

"Malam Sule, in ta ji ƙamshin wanda ta yarda da shi a jikin maraƙin fa?"

Ya shafa gemu. "Mu dai ba mu taɓa yi da turare ba. Amma in abu ne mai ƙarfi, a shafa a hancinta, a shafa a jikinsa tun daga kai har gindin wutsiya, ta yiwu. Kwana uku kawai muke nema. In nononta ya ratsa cikinsa, shi da kansa zai koma warinta. Sai dai fa ba ɗan ɗigo ba, Hajiya. Da yawa."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ta daɗe a gaban akwatin nan. Rabin kwalba ne, in ta ci gaba da shaƙa sau ɗaya tana toshewa, zai kai ta har ƙarshen ranta. In ta juye shi a bayan maraƙi, kwana uku ruwan sama da harshen saniya za su tafi da shi, kuma babu ambar ɗin da za ta sake haɗa wani. Ta ji maraƙin ya yi wani ɗan kuka a waje, siriri kamar na jariri. Ta ɗauko kwalbar.

Ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Ta tsuguna da ciwon ƙafarta, ta zuba a tafin hannu, ta shafe kan maraƙin da wuyansa da gadon bayansa har wutsiya. Ta juye sauran, ta je gaban Gimbiya da kwanon dusa kamar yadda Alhaji yake yi, ta shafa mata a hanci. Kango ya ɗauki ƙamshi. 'Yardada da ba ta iya rufe baki, sai ga ta ta ja mayafi tana goge ido.

Gimbiya ta daina cin dusar. Ta ɗaga kai ta dubi ƙofar kango, ta daɗe tana dubawa. Da ba ta ga kowa ya shigo ba, sai ta bi ƙamshin da hanci har inda Malam Sule ya tsayar da maraƙin. Ta shinshina kansa, ta shinshina bayansa, ta yi wani gunji ƙasa-ƙasa wanda rabon a ji shi tun ranar Lahadi. Sai ta fito da harshe ta lashe shi, lasa ɗaya da ta kusa kayar da shi.

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji Malam Sule da raɗa.

Maraƙin ya yi tangaɗi ya nufi hantsa. Ƙafar Gimbiya ta ɗaga, Hajiya ta runtse ido. Da ta buɗe sai ta ga ashe gyara tsayuwa ta yi. Can sai ga kumfa fari a gefen bakin maraƙin, 'yar wutsiyarsa na kaɗawa.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Sule. "Shekara sittin ina bin shanu, yau na ga an yi wa nagge turare ta sauko."

"Da ma ai duk macen Jakara haka take," in ji 'Yardada.

Ranar Juma'a da hantsi Mustapha ya zo, ya bar mai mota a bakin titi. Ya shigo da sallama yana cewa, "Umma, sai mu yi sauri kafin kasuwa ta..." Bai ƙarasa ba. Ya tsaya cak a ƙofar kango, ya waiga dama da hagu kamar yaron da aka kira sunansa.

Ga Hajiya a tsugune da ƙwarya tana tatsar nono ta gefe ɗaya, ga ɗan jan maraƙi yana tsotso ta ɗaya gefen.

"Umma, turaren Abba nake ji."

"Shi ne."

"Da ma akwai saura?"

Ta nuna masa kwalbar da haɓa, tana kan katanga, babu komai a ciki.

Mustapha ya manta da caɓi, ya manta da farar shaddar da ya sa don masallaci. Ya tsuguna ya ɗora hannu a bayan maraƙin, ya shafa a hankali, sannan ya kai tafin hannun hancinsa. Gimbiya ta juyo ta cusa hanci cikin hannun rigarsa. Ya bar ta.

Wayarsa ta yi ƙara, mai mota ne. Ya ɗauka da hannun hagu ya ce masa ya yi haƙuri ya tafi, an fasa. Hajiya ta miƙa masa ƙwarya, ya sha da ɗuminta har ya bar kumfa a gashin baki, 'Yardada kuwa tana leƙe ta katanga tana tambaya ko wannan shi ne mai kai saniya Wudil.

Ya zauna nan kan turmi har rana ta take. Hannun daman nan kuwa bai yarda ruwa ya taɓa shi ba sai da aka yi kiran sallar Juma'a, ya tashi yin alwala.