Marayan da Nake Riƙo a Zariya

Ƙaryar da na yi wa Baba da wasa ta fara, kuma layin wayar garinmu Mairuwa ne ya taya ni. Shekara shida ke nan. Ya kira ni ana saura kwana uku Sallah, yana tambayar abin da ya riƙe ni a Zariya har ba zan zo gida ba. Ina tsaye a ɗakin binciken jami'a, na gaji tilis, bakina ya riga hankalina, na ce, "Baba, wani maraya nake fama da shi, ina neman danginsa." Kafin in yi bayani layi ya yanke. Da ya sake kira, murna ta cika shi, yana ta sa mini albarka. Sai na kasa warwarewa.

In za a yi mini adalci, ba ƙarya ba ce tsantsa. A cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai cibiya, a cikin cibiyar akwai rubutun gado wanda ake kira DNA. Ba duka ake karanta shi lokaci guda ba. Akwai wasu sinadarai da ke zaune a kansa, su ne ke buɗe wannan shafi a karanta, su rufe wancan. Yawancinsu ba sa motsi sai saƙo ya iso musu, kuma an san mai aiko wa kowanne. Amma akwai waɗanda aka duba, aka duba, ba a gano mai aiko musu ba, sai masana suka sa musu suna marayu. Nawa sunansa Nurr1. Shi ke buɗe shafukan da ke raya ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu sa hannu ya tsaya in an ce ya tsaya. Idan ya yi rauni, ƙwayoyin su fara mutuwa, hannu ya kama karkarwa. Saboda Baba na zaɓe shi, don a shekarar ne babban yatsansa na dama ya fara motsi shi kaɗai a kan keken ɗinki.

"Mi sunanshi?" in ji Baba a wayar.

Na dubi allon da ke gabana, na ce, "Nuru."

Shi ke nan. Kafin mako ya zagayo, duk wanda ya kai ɗinki shagon Baba, wato Malam Gide tela, sai ya ji labarin cewa Suwaiba na riƙon maraya a Zariya. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tawa ɗa namiji ta haifa, har ya isa shiga makaranta. Duk Sallah sai Baba ya aiko direban Funtuwa da 'yar riga, kowace ta fi ta bara girma, kowace ɗinkinta ya fi na bara karkacewa. In ya tambayi halin yaron sai in ce, "Baba, ba ya jiran a aike shi, da kansa yake aikinsa." Wannan ma gaskiya ce, haka sinadarin yake. Baba ya ce, "Yaron kirki. Ki riƙa shafa kanshi, akwai lada."

In na je gida kuwa ba na rasa hujja. Yau Nuru na jarrabawa, gobe hanya ba lafiya, ba zan ɗauko ɗan mutane ba. Wannan hujjar ta biyu ba wanda ke ja da ni a kanta a gidanmu. Wata takwas da aurena 'yan bindiga suka tare motar da mijina Mas'udu yake ciki a hanyar Sabuwa, gawarsa aka kawo mana. Na gama takaba ba ciki ba goyo, na koma karatu. Tun daga nan Baba ya daina dariya, sai ranar da aka haifi Nuru a waya. To da wane baki zan kashe masa shi?

Na yi ta gaya wa kaina cewa in na gano saƙon da ke tayar da wannan maraya, zan zo da magani a hannu ɗaya, gaskiya a ɗaya hannun, Baba ya yafe. Na gwada abubuwa sun fi ɗari biyu a kan ƙwayoyin da muke rainon su a faranti. Gurbin da saƙo ya kamata ya shiga a jikinsa kusan a toshe yake. Wasu masana sun ce wani tsohon maganin zazzaɓin sauro na ɗan taɓa shi. Na gwada, ya ɗan motsa kuwa, amma faranti ba mutum ba ne. Ina can ina ƙirga ƙwayoyi, Baba ya ajiye almakashi, daga baya ya ajiye cokali.

Ƙanena Kamilu, wanda ke jinyarsa, shi kaɗai ya san gaskiya. Wata ranar Laraba ya kira ni ya ce haɗiya ta fara gagara, kuma Baba ya ce a kawo masa Nuru ya gan shi kafin ya tafi.

"Yaya, ki ari yaro a maƙwabta mana. Wuni guda ne. Ba ya ko gani sosai."

Raina ya ɓaci, na ce masa ni ba zan yi wa ubana wasan kwaikwayo a bakin kabari ba. Ya ce ai shekara shida ina yi, yau ne na ga kabarin? Na kashe wayar.

Washegari da hantsi na isa Mairuwa. An fito da Baba tsakar gida, an jingina shi da matashi a inuwar darbejiya. Ciwon ya daskarar da fuskarsa, ba ta nuna murna ba ta nuna fushi, idanun ne kawai ke motsi. Ba ni suka kalla ba, bayana suka kalla, wajen ƙofar zaure.

"Ina yaron?"

Na durƙusa, na riƙe hannunsa yana ta karkarwa a cikin nawa. Na gaya masa komai, daga cibiya har shafuka, da yadda aka yi sunan ya zama Nuru. Na ce marayan ba a Zariya kaɗai yake ba, yana cikin kansa, yana cikin kan kowa, kuma nasa ne ya gaji. Na ce na nema masa magani ban samu ba. A nan kuka ya ci ƙarfina, don wannan nake ganin shi ne babban laifina. Na ce ya yafe mini.

Magana wahala take ba shi, sai ya tara ta tukuna.

"Ciwo na Allah ne, bar wannan," ya ce. "Suwaiba, in kin taso aiki, wa ke buɗe maki ƙohwa?"

"Ni nake buɗewa, Baba."

"Abinci hwa?"

Na ga inda ya dosa, na so in ƙara ƙarya ɗaya, ba ta fito ba. "Ni kaɗai nake ci."

"Ranar Sallah ma?"

Na gyaɗa kai.

"Shekara shidda," ya ce a hankali. "Ni kau ina nan ina barcina lahiya lau, ina cewa ɗiyata ta samu mai kiranta Inna."

Hawaye suka gangaro a kan fuskar da ba ta motsi. Ya zare hannunsa daga nawa, na ɗauka share su zai yi, ashe kaina yake nema. Hannun ya taso yana rawa, ya yi rabin hanya, ya kasa ƙarasawa. Ni na sunkuyar da kan na kai masa.