Ɗurar Bidi

Ɗan ƙanwata Ja'afaru ya sayi linzami tun ba shi da ko akuya. Wannan kaɗai ya isa a gane irin mutumin da zan ba da labarinsa. Ni ne kawunsa Nasidi, ɗinkin riga ne sana'ata, rumfata kuma tana kan hanyar Ƙofar Doka, don haka duk shirmen da yaron nan ya yi, ta gabana ya wuce.

Ubansa Malam Abdullahi magatakarda ne a kotun alƙali, kakansa ma haka. Gidan tawada ne. Da Ja'afaru ya gama makarantar Midil, a shekarun nan da kowa ke cewa Turawa sun kusa tafiya, an riga an nema masa kujera a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya. Shi kuwa gogan ya ce mahayin sukuwa zai zama. Sa'o'insa na buga ƙwallo, shi yana tsugune a lungu kan kashin doki, yana gaya maka ko dawa dabbar ta ci ko gero. Ya koyi haniniya, har in ya yi ta a bayan masallaci goɗiyar liman sai ta waiwayo. Ranar da wani doki ya harbe shi a cinya kuwa, unguwa ba ta huta ba, yana ta naɗe wando yana nuna wa mutane wurin.

Ya ce mini, "Kawu, ka ga inda ya same ni? Da ƙafar hagu ya yi."

Na ce, "Na gani. Da a ka ya same ka, wataƙila da ya gyara maka shi."

Ana nan sai Alhaji Bahago, dillalin auduga, ya je kallon sukuwar da Turawa da Kwarori, Larabawan kantuna, ke yi a filin bayan gari, cutar son sukuwa ta kama shi. Ya sayo wani doki bidi daga gabas, dogo, siriri, ciki a shafe. Ja'afaru ya tare a bargarsa. Shi ne shara, shi ne wanka, shi ne korar ƙuda, ba wanda ya sa shi. Da Alhaji ya gaji da ganinsa sai ya bar shi ya riƙa hawa da safe. Gaskiya guda zan faɗa, ko da ba na so: yaron ya iya zama a kan doki.

Da kakar auduga ta kama, Alhaji zai tafi ƙauyuka, ya tsaya a bakin rumfata ya kira Ja'afaru.

Ya ce, "Ga Bidi nan na bar maka. In na dawo akwai sukuwa, kai za ka hau. In ya yi abin kirki, bargar nan taka ce har abada."

Uban yana zaune a kan tabarmata, ya ɗago kai ya ce, "In bai yi ba, Ja'afaru, ka ɗauki alƙalami ba sai na sake magana ba."

Ja'afaru ya ce, "Na yarda, Baba." Ni aka sa shaida.

To, mu a cikin birni, dokin da ake so a jikinsa ake gani. Dokin mutumin kirki sai ƙugu ya cika, wuya ya yi kauri, gadon baya ya shimfiɗe har a iya ajiye ƙwarya a kai. Ramammen doki zagi ne ga mai shi. Saboda haka duk safiyar da Ja'afaru ya ratso da Bidi, tsofaffin da ke zaman kashe wando a rumfata sai sun tanka.

Wani ya ce, "Yaro, dokin nan ciwo yake yi?"

Wani ya ce, "A'a, azumi yake. Na nafila."

Abin ya ci wa Ja'afaru rai. Ya ce da ni ba don kansa ba, don Bidi, wai doki yana jin abin da ake faɗa a kansa. Sai ya koma wa abin da ya tashi ya ga ana yi a kowace barga ta birni, wato ɗura. A cuɗa gero da dusa da kanwa, a dunƙula, a buɗe bakin doki a tura masa, ko yana so ko ba ya so. Safe da yamma yake yi. Ya sa uwarsa Sakinatu daka har hannunta ya yi kanta. Ya jibge harawa a gaban turke. Gudun safe ma ya daina, wai kada dokin ya zubar da jiki. Furar da aka dama masa, shi da Bidi suke raba ta, kuma ba Ja'afaru ne ke shan kaso mai yawa ba.

Kafin auduga ta ƙare Bidi ya zama abin kallo. Ya yi ɓul-ɓul, fata na sheƙi saboda man shanun da yake shafa masa. Tsofaffin nan da suka yi masa ba'a suka ɗunguma barga suna sa albarka. Har Malam Abdullahi, wanda bai taɓa yabon wani abu mai ƙafa huɗu ba, ya shafa ƙugun dokin ya ce ma sha Allah. Ban taɓa ganin Ja'afaru cikin farin ciki kamar ranar ba.

Ana gobe sukuwa Alhaji ya dawo. Ya shiga barga, ya tsaya, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ina dokina?"

"Ga shi, Alhaji."

"Wannan ai haɗiye nawa ya yi."

Amma an riga an sa sunan doki, ba damar janyewa. Na rufe rumfa na tafi filin, don abin da na san za a yi ba na a ba ka labari ba ne.

Da aka jera dawakai, Bidi ya fi kowanne kyau, wannan ba gardama. Sauran duk ramammu, kamar yadda shi ma yake a da. Mutanen birni suka yi ta tafi tun ba a fara ba. Aka sauke tuta. Ya yi ƙoƙari, bawan Allah, har zuwa kwanar farko. Daga nan gudu ya koma sassarfa, sassarfa ta koma tafiya, tafiyar ma ta gagara. Ya tsaya cik a bakin shinge yana huci, kumfa na zuba. Bulala tana hannun Ja'afaru, mutane na ihu ya tsula masa, bai ko ɗaga ta ba. Sai ya sauka, ya sassauta majayin sirdi, ya goge wa dokin baki da hularsa, ya jawo shi a ƙasa har inda ake gamawa. Wata Baturiya ta yi dariya har malafarta ta faɗi. Waɗanda suka fi kowa ƙyaƙyatawa kuwa su ne tsofaffin rumfata, masu sa albarkar nan.

Alhaji bai zage shi ba, da ma ya zage shi da ya fi sauƙi. Ya karɓi ragama a hankali ya ce, "Je ka gida, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Kada ka ƙara zuwa bargata."

Ja'afaru ya cika alkawari. Ya ɗauki alƙalami, na ɗinka masa farar riga ta zuwa ofis, aiki mai kyau, don ni ba na wasa da allura. Bidi kuwa aka miƙa shi ga wani mutumin Sabon Gari, mai auna masa hatsi da ɗan ƙoƙo, yana kora shi da gudu kullum asuba.

Da sukuwa ta sake zagayowa Ja'afaru ya zo ya ce in raka shi. Muka tsaya a bayan shinge da sauran 'yan kallo. Bidi ya fito ya koma siririnsa, wani ne a kansa. Aka sauke tuta, ya wuce sauran dawakin duka kamar an ɗaure su a turke. Fili ya kaure, Alhaji Bahago yana ta rungumar mutanen da bai sani ba.

Na juya da niyyar in ɗan tsokani yaron, sai na ga hawaye na bin fuskarsa. Tausayi ya kama ni, abin da ba kasafai yake yi ba.

Na ce, "Yi haƙuri, Ja'afaru. Aikin ofis ma aiki ne."

Ya ce, "Ba shi ba ne, Kawu. Dubi haƙarƙarinsa. Ba sa ba shi abinci."

Aka jawo dokin ta gabanmu. Ja'afaru ya sa hannu a aljihu ya zaro dunƙulen gero da kanwa, ya miƙa ta saman shinge. Bidi ya juyo, ya miƙo wuya. Mai riƙe da shi ya fizgi ragama suka wuce, yaron ya tsaya da abinsa a hannu.

Sai a lokacin na lura da aljihun rigar da na ɗinka masa. Kanwa ta daɗe da cinye shi.