Layi na Huɗu

'Yardada ce ta farko a bencin ƙaramin asibitin Gwammaja, kamar kullum, tun kafin a gama shara. Ma'aikatan sun ɗauka tsoron layi ne ke fito da ita da sassafe. Ita kuwa so take a kunna na'urar awon jini a kan idonta. Wata uku ba ta zo ba, tana Ɓichi jinyar ƙanwarta, don haka yau har kujera ta jawo gaban teburin.

Ma'aikaciyar jinya ta danna maɓalli. Gilashin ya yi baƙi ƙirin, sai fararen rubuce-rubuce suka fara fitowa layi-layi. 'Yardada ta sa yatsa tana bi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Yatsan ya tsaya.

"Ke, kashe ki sake kunnawa."

"Inna, ai ta tashi lafiya. Kawo hannunki."

"Na ce kashe. Ba jinina na zo gani ba."

Aka kashe, aka kunna. Layi na huɗu na nan inda yake, amma sunan da ke ƙarshensa wani ne daban, gajere, baƙo.

'Yardada ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, ba ta kuma taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Daddawa da kuka take sayarwa, su ne iliminta. Amma akwai suna guda da ta san kamarsa yadda ta san tabon da ke goshin mai shi: harafin farko mai tumbi, dogo ɗaya a tsakiya, ɗigo a ƙarshe. Ɗanladi ke nan, ɗanta tilo, wanda tirela ta bi ta kan babur ɗinsa a hanyar Katsina bara, kwana tara bayan Babbar Sallah.

Shi da abokinsa Nazeer suka ƙera waɗannan na'urori. Nazeer ya haɗa gangar jikin, Ɗanladi ya buɗe mata ido. Kwana arba'in ya yi a soron gidan yana fama da gilashi makaho. Da farko ba komai. Sai ya koma zane-zane kamar atamfar da ta zuba. Sai hoto ya fito a karkace. Ranar da ya kira ta da ihu, ta tarar da hotonsa a gilashin, fuskar shuɗiya kamar wanda ya faɗa rijiyar marina. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ja da shuɗi ne suka yi musayar wuri, Inna," ya ce. "A cikin zuciyar injin, wadda muke ce wa kanel, akwai wani wuri kamar faifai. A nan ake jera hoto ɗigo-ɗigo kafin gilashi ya ɗauka. Direba shi ke faɗin faɗi nawa, tsawo nawa, wane launi ke gaba."

"To direban a ina yake zama?"

"Ba mutum ba ne, rubutu ne. Ni nake rubuta shi."

Da aikin ya kammala ya kama yatsanta ya ɗora a kan layi na huɗu. Ya ce duk inda aka kunna irin wannan na'ura, ko a ina ne, sai ta ambaci wanda ya rubuta mata ido kafin ta fara aiki.

Ba ta tsaya awon ba. Ta ja mayafi ta nufi Ƙofar Dawanau a ƙasa, gwiwa na ciwo, ba ta ko kalli masu adaidaita da ke mata hon ba.

Shagon Nazeer ya ƙaru. An fasa bango an haɗa da na kusa, ga na'urori jere a kan kanta cikin leda. Yana ganinta ya miƙe ya rusuna. Matarsa Hasana, wadda ke gwada na'urorin kafin su fita, ta taso da kujera.

"Inna, sannu da zuwa. Yaya mai jiki a Ɓichi? Ai da kin aiko, da na zo da kaina."

"Ajiye gaisuwarka. Ina sunan ɗana?"

Nazeer ya dubi ƙofa, ya dubi ƙasa. Wannan yaron da ya tashi a kan tuwonta, wanda ta sha cire wa ƙaya a ƙafa, wanda ya shiga kabari ya karɓi Ɗanladi da hannunsa, yau shi ne ke neman inda zai ajiye ido.

"Ki zauna in yi miki bayani, Inna. Abin yana da tsari."

"A tsaye zan ji."

Ya yi gyaran murya. Ya ce ita kanel ɗin nan ba ta mutum ɗaya ba ce, dubban mutane ne a duniya ke haɗa ta, kowane direba da mai kula da shi. In an sami matsala, shi ake aika wa saƙo. Sun yi wata shida suna aika wa Ɗanladi, shiru. Al'adarsu kuwa, wanda ba ya amsawa sai a cire shi a sa wanda zai amsa.

"Ka gaya musu ya mutu?"

"Inna..."

"Tambaya na yi maka. Ka gaya musu?"

"Ba su tambaya ba."

Sai a lokacin ta zauna. "Wato yanzu mutanen nan, a can inda suke, sun ɗauka ɗana irin wanda ake wa sallama ne yana ciki ya ƙi amsawa. Wata shida suna ƙwanƙwasa ƙofar mamaci, kana tsaye a gefe kana kallo. Ɗanladi da ko almuru aka kira shi sai ya fita ba takalmi!"

"Ba haka ba ne. Kuma gilashin da muke samu yanzu ya canja, dole na sake rubuta direban. Aikina ne yanzu, shi ya sa sunana ke wurin."

Hasana na riƙe da wata waya za ta soka a na'ura. Hannunta ya tsaya a sama. 'Yardada ta gani. Shekara hamsin tana karanta fuskar masu ciniki.

"Ke, 'yar nan. Kalle ni. Gaskiya ya faɗa?"

Hasana ta ajiye wayar a hankali. "Inna, al'adar ta ce a canja sunan mai kula. Ba ta ce a goge sunan wanda ya rubuta ba."

"Hasana," in ji Nazeer.

"Na faɗa maka tun ranar, Abban Sa'ida." Ta juya kan kwamfutar da ke teburin. "Akwai yadda ake ganin wanda ya rubuta kowane layi. Ita kanel ba ta mantuwa. Matso, Inna."

Ta danna wasu baƙaƙe. Rubutu ya cika gilashin, kowane layi da suna a gefen hagunsa. 'Yardada ba ta buƙaci a karanta mata ba. Ga mai tumbin nan, ga dogon, ga ɗigon. A layin farko, a na biyu, a na uku. Hasana na jan rubutun sama, sunan na ta hawowa bai yanke ba, kamar sahun masallata ranar Juma'a. Can sai gajeren sunan ya leƙo sau 'yan kaɗan, ya ɓace, na Ɗanladi ya ci gaba.

"Layi ɗari bakwai da 'yan kai nasa ne," in ji Hasana. "Goma sha ɗaya namu. Faɗi da tsawon sabon gilashi muka gyara, sai layin sunan."

'Yardada ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Kukanta ya ƙare bara. Ta juyo.

"Ka ɗinke bakin riga, ka ce kai ka saƙa ta."

Nazeer ya zauna a kan wani kwali, ya dafe kai. "Inna, masu ba da kwangila suna duba suna. Ba sa ba mamaci aiki. Mutum takwas ke ci a shagon nan. Da an ji wanda ya san kan abin ba ya raye, da sun koma wani wuri."

"Sai ka ce ɗan'uwana ya rasu, na ɗauki kayansa. Wa zai zage ka? Ka sa naka a ƙarƙashin nasa, wa ya hana? Ni ban zo neman ko allura a shagon nan ba, Nazeer. Gida bai bari ba, mata bai bari ba, ɗa bai bari ba. Layi ɗaya ya bari, shi ma ka bi shi ka kankare."

Waje ana ta hayaniyar masu lodin buhuna.

"Zan mayar," ya ce. "Amma ba a nan ake yi ba. Sai na rubuta wa mutanen na faɗi dalili, su duba, su karɓa, sannan mu bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya. Zai ɗauki watanni."

"Rubuta yanzu. Ka ce ya mutu, ka faɗi ranar. Ka ce ba ƙin amsawa ya yi ba. Ka ce kai ka cire sunansa, da saninka."

Ya jawo madannan kwamfutar gabansa. Ya yi rubutu, ya tsaya, ya ƙara kaɗan. Sannan ya karanta mata da Hausa: cewa amininsa Ɗanladi ya rasu a hatsari ranar kaza, cewa mutum ne mai cika alkawari wanda bai taɓa barin saƙo ba amsa ba, cewa shi Nazeer ya cire sunansa ba da haƙƙi ba, yana neman afuwa, yana roƙon a mayar. Ya kai yatsa zai aika.

"Dakata."

'Yardada ta sunkuya kan gilashin. Ta auna rubutun da ɗan yatsanta, daga sama zuwa ƙasa. Ko gaɓa ɗaya bai cika ba.

"Ka yi magana mai tsawo, rubutun kuwa layi biyu."

"Turanci ne, Inna, ya fi Hausa taƙaitawa."

"Hasana, karanta mini. Yadda yake, ba yadda ya kamata ba."

Hasana ta dubi mijinta. Ta dubi gilashin. Ta gyara ɗankwalinta, ko da yake bai zame ba.

"Ya ce a mayar da sunan marubuci na asali. Ya ce an cire shi ne bisa kuskure."

"Kuskure," in ji 'Yardada. "Mutuwar fa?"

"Babu ita."

'Yardada ta sunkuya ta cire takalmanta, ta jera su a gefen kujera. Ta kwance mayafi ta ninke a cinya.

"Azahar ta gabato. Ba ni buta, 'yar nan, ki shimfiɗa mini tabarma a nan bakin ƙofa. In La'asar ta yi ma a nan zan yi."

Hasana ta tafi ɗauko buta. Nazeer ya daɗe yana kallon layukansa biyu. Sannan ya ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, baƙaƙen suka fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya, har gilashin ya koma fari. Ya soma sabon rubutu.