Darasin Mako Na Bakwai

Shekara tara na yi ina koyar da 'yan aji biyu tushen tsaron kwamfuta a wata jami'a a Kumasi, kuma duk shekara tsarin ɗaya ne. Ranar farko nakan raba musu takarda su sa hannu cewa ba za su taɓa na'urar wani ko asusunsa ba sai da izininsa. Sukan sa hannu suna hira, wasu ko karantawa ba sa yi. Daga nan sai mu shiga kalmar sirri da kulle bayanai, har mu kai mako na bakwai, wanda suka fi ɗoki, domin a nan nake nuna musu yadda ake yaudarar mutum ya miƙa mabuɗinsa da hannunsa.

Ina da wani shafin bogi da na haɗa da kaina, kamarsa ɗaya da shafin da ɗalibai ke duba makinsu. Nakan ba su shi a ɗakin gwaji su ɗana wa juna tarko da sunayen ƙarya. Ɗakin a yanke yake da intanet, abin da aka yi a ciki a ciki yake mutuwa.

A ajin bara akwai Dankwa Ofosu, siririn saurayi mai zama a gaba, wanda kafin in gama tambaya ya ɗaga hannu. Har na fara tunanin riƙe shi a sashen idan ya gama. Akwai kuma Serwaa Ampofo, mai zama gefen taga. Ba ta magana sai an tambaye ta, amma aikinta tsaf yake.

Wata Litinin shugabar sashenmu, Farfesa Gyasi, ta kira ni ofishinta. Na tarar da Serwaa zaune, ta ɗora wayarta a kan cinya ta kife ta.

"Dakta Amankwaa, rufe ƙofar," in ji Farfesa. "An shiga asusun yarinyar nan an kwashi hotunanta. Irin waɗanda ba a nuna wa mutane. Tun Asabar suke yawo a wayoyin ɗalibai. Ina so ka duba mana ta ina aka shiga."

Na karɓi wayar. Serwaa ta buɗe min ita ba tare da ta ɗago kai ba, ta nuna min wani saƙo da ya shigo mata ranar Alhamis. Saƙon na cewa an sami matsala a makin gwajinta, ta shiga ta duba kafin ƙarfe biyar. A ƙasansa akwai sunana.

Na koma ofishina na buɗe shafin da saƙon ke kaiwa. Ban sha wahala ba. Shafina ne. A cikin rubutunsa na ƙasa, wanda mai kallo ba ya gani, akwai wata kalma da na yi kuskuren harafi a cikinta tun shekara shida da suka wuce, kullum ina cewa zan gyara. Tana nan yadda na bar ta. Abin da aka ƙara kawai shi ne shafin ya nemi kalmar sirrin imel, daga imel ɗin kuma aka wuce ma'ajiyar hotuna.

Na je ɗakin gwaji na fito da rajistar shige da fice. An tura saƙon daga kwamfuta ta goma sha huɗu, ranar Alhamis, ƙarfe uku da minti arba'in na yamma. Lokacin darasina ne. Ranar nan na buɗe wa ɗakin intanet na awa guda don su sauko da wata manhaja, na manta ban rufe ba sai da aka tashi. Serwaa ba ta zo ba, tana asibitin makaranta da zazzaɓi. Dankwa ne ke zama a ta goma sha huɗu. Na tuna na wuce ta bayansa, na ga shafina a gabansa, na dafa kafaɗarsa na ce ya yi kyau.

Na buga rajistar a takarda, na manne ta, na sa a ambulan. Na duba agogo na ga ɗaya ta wuce, sai na fita bakin ƙofar makaranta na sayi shinkafa da wake da ƙwai wurin matar da na saba. Na cinye duka. Ina jira in ji wani abu, fushi ko kunya, amma ba abin da ya zo. Ƙarfe biyu na shiga wani ajin na koyar da su har huɗu.

Ranar da kwamitin ladabtarwa ya zauna, Dankwa ya zo da farar riga an goge ta. Bai yi gardama ba.

"Gwadawa kawai na yi, in ga ko zai ci a waje," ya ce.

"Me ya sa ita?" in ji Farfesa Gyasi.

Ya ce, "Na yi mata magana sau biyu a bara. Ta ce in je in ƙara ƙiba tukuna. A gaban ƙawayenta."

"Shi ne ka raba hotunanta?"

"Mutum ɗaya na tura wa, Farfesa. Ɗan ɗakinmu. Na ce kada ya nuna wa kowa."

Wani dattijo daga sashen shari'a ya cire tabarau ya ce, "Kai da ka san kwamfuta har haka, ba ka san abin da ya shiga waya biyu ya shiga dubu ba?"

Ni Dankwa ya juyo ya kalla. "Sa, kai ka ce mana mutum yakan danna ne idan sunan da ya yarda da shi ya gani."

"Na faɗa," na ce.

Sakatariyar kwamitin ta rubuta. Na bi alƙalaminta da ido har ta kai ƙarshen layi.

Da muka fito na tarar da mahaifiyar Serwaa a baranda. Atamfa take sayarwa a kasuwar Kejetia, ta rufe shago ta zo. Mace ce mai jiki, ta ɗaura zani a kan rigarta, tana riƙe da jakar 'yarta kamar ta ƙaramar yarinya.

"Kai ne malamin?"

"Ni ne, Maame."

"Kai ka koya wa yaron nan abin da ya yi?"

"Ni na koya masa."

"Ita ba ka koya mata ba?"

"Aji ɗaya suke."

"To ya aka yi nasa karatun ya ci, nata bai ci ba?"

Serwaa ce ta amsa, murya ƙasa ƙasa. "Na lura adireshin ya ɗan bambanta, Sa. Na gani. Sai na ga sunanka, na ce kai ba za ka yi kuskure ba."

Uwar ta jira in ce wani abu. Na ce su yi haƙuri. Na ji maganar ta fito daga bakina kamar sanarwar da ake karantawa a rediyo. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wa 'yarta, "Taho mu tafi, kafin motoci su cika."

An kori Dankwa, aka miƙa maganar ga 'yan sanda. Sau biyu suka kira ni na yi bayanin rajistar ga wani sufeto da ke tsayar da ni kowane layi don ya rubuta da hannu. Serwaa ta ajiye karatu ta tafi wurin ƙanwar uwarta a Takoradi. Hotunan ba su daina yawo ba. Na rubuta wa kamfanonin da abin ya shafa, wasu suka cire, bayan kwana uku suka sake fitowa a wani wurin. Na yi hakan wata biyu, kullum da safe kafin darasi, sannan na daina ba tare da na yanke shawarar dainawa ba.

A gida matata, Akosua, ta ce ina yawan barin famfo a buɗe. Wata rana ta same ni a mota a ƙofar gida, injin a kashe, hannuna a kan sitiyari.

"Tun yaushe kake nan?"

"Yanzu na iso."

"Na ji tsayuwar motar tun ina jajjaga barkono. Miyar ta nuna. Shigo."

Na shiga na ci sakwara.

Da sabon zango ya matso, Farfesa Gyasi ta ce majalisar sashe na son a cire mako na bakwai.

"Me ka gani?" ta tambaye ni.

"Idan an cire, za su koya a waya cikin rabin awa. Sai dai waɗanda za a ɗana wa tarkon su ba za su nema ba."

"Wato kada a cire."

"Duk yadda kuka yi, Farfesa."

Ta ce, "Amankwaa, ka je ka ga wani. Limamin coci ko likita, duk wanda ka fi so." Na ce to. Aka bar darasin a wurinsa, da sharaɗin wani malami ne zai riƙe mabuɗin intanet na ɗakin. Na koyar da shi yadda na saba. Sababbin ɗaliban duk sun san labarin, ba wanda ya yi dariya, aka gama da wuri.

A watan Afrilu saƙo ya shigo min da sunan Serwaa. Tana neman takardar shaida, za ta nemi wata jami'a a Takoradi. Ban amsa ba sai da na kira lambar uwarta na tabbatar ita ce. Aka ba Serwaa wayar.

"Wane fanni za ki nema?" na tambaye ta.

"Tsaron kwamfutar dai, Sa. Wanne kuma na iya?"

Na rubuta takardar cikin minti ashirin, ban sa komai a ciki ba sai gaskiya. Na kai ofishin sashe a buga hatimi, sakatariya ta ce mai riƙe da shi ya tafi jana'iza a Mampong, in dawo Laraba. Na dawo Laraba aka buga, na aika mata.