Wadda ke Bakin Famfo

Ni a saman bene na tashi, hawa na uku, ban taɓa dasa ko albasa ba. Shi ya sa ranar da muka karɓi makullin sabon gidan na tsaya a lambun baya ina zare ido. Ganye ko'ina, ban san sunan ko ɗaya ba.

Dattijon da ya sayar mana da gidan tsohon direba ne, matarsa ta rasu, zai koma wajen 'yarsa. Yana cikin mota ya sauke gilashi ya kira ni.

"'Yata, abu ɗaya nake roƙonki. Wadda ke bakin famfo, ta marigayiya ce. Ki rayar mini da ita."

Na ce, "Baba, na ɗauki alkawari." Ko tambayar sunanta ban yi ba, don wautata.

A bakin famfon abu biyu ne: wata 'yar bishiya kore shar mai ƙaya, da wani busasshen kututture da ya nannaɗe ƙarfe, ba ganye ko ɗaya, an ɗaura masa jan ƙyalle.

Washegari maƙwabciyata ta shigo, matar da kowa ke kira Maman 'Yan Biyu. Ta kama hannuna muka zaga lambun. Wannan gwaba ce, wannan rumman, wannan na'ana'a, murza ki shinshina. Ta nuna mini ciyawar da ake cirewa da wadda ake bari. Wallahi matar nan ta shiga raina. Ban san kowa a unguwar ba, sai ga mai kirana ƙanwarta. Har riguna biyu na ɗinka wa 'yan biyunta, na ƙi karɓar komai.

Na tambaye ta wacce ce ta marigayiya.

"Lemun tsamin nan mana. Ranta ne."

"Wannan busasshen fa?"

Ta yatsine fuska. "Ya mutu tuni. Gara ce a cikinsa, in kika bar shi sai ta cinye miki ƙofofi. Bari in raba ki da shi."

Da kanta ta zo da shebur. Na ga tana haƙa a hankali, tana kewaye saiwar, har da ƙasarta ta ɗauke a buhu. Ta ce don kada garar ta watsu ne. Ni kuma, sakarya, ni na riƙe mata bakin buhun, ina ta godiya.

Wata biyar ina bauta wa lemun nan. Ruwa safe da yamma, taki, cire tsutsa da hannu. Maigidana har tsokanata yake, wai ko shi bai samu wannan kulawar ba.

Ran nan da hantsi sai ga Baba, 'yarsa ta kawo shi. Na ja shi lambu ina washe baki. Ya wuce lemun ko kallo bai yi ba, ya tsaya a gaban ƙarfen da ba komai a jikinsa.

"Ina inabin?"

Na nuna lemun.

"Wannan ai ƙwaya na tofar, ya fito da kansa. Inabin nake nufi. Haka yake zubar da ganye kamar ya mutu, sannan ya farfaɗo."

Na faɗa masa komai. Sai ya ɗaga kai ya dubi katanga. Daga gidan Maman 'Yan Biyu wasu faffaɗan ganye sun leƙo, sababbi fil. Kullum ina ganinsu, ban san mene ne ba.

"Sau uku marigayiya tana yanka wa maƙwabciyar nan reshe, yana mutuwa a hannunta," in ji shi. "Har ta ce sai dai a ba ta uwar."

Zuciyata ta yi ta tafasa, amma kunya ta fi yawa. Matar da nake kira Yaya, ta dubi idona ta yi mini haka.

Baba ya zaro wani ƙaramin almakashi daga aljihu, an ɗaura masa jan ƙyalle irin wancan.

"Almakashin aske rassan inabin ne. Na marigayiya ne, na kawo miki."

Na miƙa hannu biyu. Ya dube ni, ya dubi ƙarfen, ya mayar da almakashin aljihunsa, ya ce wa 'yarsa su tafi.