Ragowar Mudassir a Ɗakin Bincike

Mudassir makanikin injin ban-ruwa ne. Rumfarsa tana bakin titi a Ƙofar Guga, kuma duk wani manomin rani daga nan har Batagarawa ya san hannunsa. Mutum ne kakkaura mai yawan dariya, ba ya iya zama wuri guda. Shi ya sa da ya fara dafe kwiɓi yana neman benci da rana tsaka, matarsa Rahama ta gane akwai matsala tun kafin ya buɗe baki. Aka je asibiti, aka ɗauki hoto, aka ce ƙari ne a ƙodarsa ta hagu. Ciwon daji ne, kuma ya riga ya tsallaka zuwa huhu.

Aka yi aiki aka cire ƙodar. Yana kwance yana farfaɗowa wata likita ta zo ta ja kujera ta zauna kusa da su. Sunanta Dakta Fadila, siririya mai tabarau, 'yar Ƙofar Sauri ce da ta yi karatu a waje ta dawo gida. Ta ce akwai wani magani da suke gwadawa, ba a tabbatar da shi ba tukuna. Za su ɗebi wani yanki na ƙarin da aka cire, su kashe shi, su gauraya da ƙwayar cuta da aka raunana, irin wadda ake yi wa jarirai allurarta don tarin fuka, har ta bar masu tabo a kafaɗa. Sai a yi masa allurar a ƙarƙashin fata. Jiki zai tashi ya yaƙi ƙwayar cutar, a cikin faɗan sai ya gane fuskar ƙarin ma, ya bi shi duk inda ya ɓuya.

"Kamar dai a nuna wa kare rigar ɓarawo," in ji Mudassir.

"Kusan haka, Malam. Amma ban yi maku alkawari ba. Wasu ya taimaka masu, wasu bai yi ba. Kuma za ka sha masassara."

"Masassara ai tsohuwar abokiya ce. A yi mani."

Ya sha ta kuwa. Ranar allurar farko, kafin la'asar, haƙoransa suka fara haɗuwa kaf-kaf-kaf, har gadon ƙarfen yana amsawa. Lokacin bazara ne, ana neman inuwa kamar kuɗi, shi kuwa yana kiran a lulluɓe shi. Rahama ta jibga masa bargo, ta ƙara da zannuwanta, ta kira likita hankali a tashe. Dakta Fadila ta ce kada ta ji tsoro, alama ce jiki ya farka. Tun daga ranar Rahama ta koyi abin da ba ta taɓa zaton za ta koya ba, wato ta yi murna da zazzaɓin mijinta. In ya fara makyarkyata sai ta riƙe hannunsa tana hamdala a zuci.

Kuma aka ga sauƙi. Hoton da aka sake ɗauka ya nuna tabon huhun ya ragu. Mudassir ya koma rumfa, ya koma cin tuwo malmala biyu, ya koma tsokanar 'yarsu Halima da ke aji uku a sakandare. Damina ta shige, rani ya shigo, ana ta kawo masa injina. Sai wata rana aka yi masa allura ya dawo gida, Rahama ta shirya barguna tana jira, jikinsa ya ƙi ɗumi. Suka yi ta jira har magariba. Ya dube ta ya yi murmushi ya ce, "Kin gani, abokiyar tawa ta yi fushi." Daga nan tari ya dawo, nama ya fara zubewa. Bai kai ga wata daminar ba. Ya cika da hantsi, yayansa Malam Idi ya jagoranci sutura, aka kai shi makwancinsa.

Rahama ta yi takabarta cikin haƙuri, mutane suna yabo. Bayan ta fita ne Dakta Fadila ta zo gidan da kanta, don lokacin rasuwar tana wata tafiya. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, aka yi doguwar gaisuwa, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya sa can ta fi mashi nan. Sai likitar ta ajiye kofin ruwan da ke hannunta.

"Akwai maganar da ya kamata ki sani, Maman Halima. Allurarsa da muka haɗa, akwai saura a wurinmu. Sannan akwai wani yanki na ƙarin da ba mu kashe ba. Mun raya shi, yana nan yana girma, muna nazari a kanshi. Marigayi ya amince da haka tun farko, amma ban sani ba ko ya faɗa maki."

"Yana girma?" Rahama ta maimaita.

"Ƙwayoyin naman ƙarin ne. A cikin kwalba, a wani akwati mai ɗumi irin ɗumin jikin mutum. Muna ba su abinci."

Bai faɗa mata ba. Ko kuwa ya faɗa ne a lokacin da kunnenta ba ya ɗaukar komai sai numfashinsa. Ta raka likitar har zaure, ta dawo ta zauna inda ta tashi, ba ta motsa ba har inuwa ta bar ta.

Daga ranar abin ya fara. Ba mafarki ba ne, ido biyu ne, kuma da rana. Tana tankaɗe ko tana wanke-wanke, gari ya yi tsit saboda zafi, sai ta ji shi daga cikin ɗaki, kaf-kaf-kaf, haɗuwar haƙora. Sai ta ga har ta miƙe ta buɗe adaka ta ɗauko bargo. Tana ɗaga labule ta tarar da gado a gyare, ba kowa. Sau biyu Halima tana dawowa daga makaranta ta same ta tsaye a bakin ƙofa rungume da bargo, gumi yana bin wuyanta. In ta zuba abinci sai ta tuna a wani wuri a garin nan wata tana ciyar da abin da ya fito daga jikin mijinta, ita kuwa ba ta san ma me ake ba shi ba. Ta yi masa addu'a kamar yadda ake yi wa mamaci, amma in ta kai "Allah ya haskaka kabarinsa" sai harshenta ya yi nauyi, kamar ta faɗi rabin magana.

Da abin ya ishe ta, ta je gidan Malam Idi a Ƙofar Sauri ta durƙusa ta gaya masa komai. Dattijon ya ajiye carbinsa.

"Ni dai abin da na sani, jikin ɗan Adam yana da alfarma, da rai ko babu. Abin da aka yanke daga jikinshi, ƙasa ita ta fi cancanta da shi. Amma kuma kin ce shi ya yarda da bakinshi. Maganar mamaci ba a taka ta da gaggawa." Ya numfasa. "Ki tahi ki gani da idonki. Abin da zuciyarki ta natsu a kai, ni zan tsaya maki."

Ta tafi asibitin da safe. Dakta Fadila ta sa mata farar riga da abin rufe hanci, ta shigar da ita wani ɗaki mai sanyi da ƙarar na'urori. Ta buɗe akwatin, wani ɗumi ya daki fuskar Rahama, irin wanda take ji in ta ɗaga bargon Mudassir. Likitar ta ciro wata 'yar kwalba shimfiɗaɗɗiya mai jan ruwa tsinkakke kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, ta ɗora a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ce ta leƙa.

Da farko haske kawai ta gani. Can sai suka bayyana, wasu 'yan abubuwa manne da juna, cunkus, kamar ƙasar fadama da ta tsattsage. Ba fuska, ba komai da za ta ce nasa ne. Duk da haka ta kasa ɗauke ido daga kansu.

"Ba shi ba ne, Maman Halima," in ji likitar a hankali. "Cutar ce. Ita ce ta kashe shi."

"Na ji, Likita. Amma a jikinshi ta tsiro. Tuwon da na tuƙa mashi, da shi ta girma." Ta ɗago. "In kun riƙe ta, za ta warkar da wani?"

"Ban sani ba. Abin da nake nema shi ne dalilin da ya sa jikinsa ya gane ta da farko, daga baya ta ɓace masa. Ta canza kama. In na gano yadda ta yi, wataƙila na gaba ya amfana. Wataƙila kuma in ƙare rayuwata ban gano ba. In kin ce a kashe a ba ki, yau za a yi."

Rahama ta ce tana son ta sha iska. Ta fita baranda. A kan benci wani magidanci yana zaune lulluɓe da bargo har ka, jikinsa yana karkarwa, haƙoransa suna bugawa. Kusa da shi wata mata tana riƙe da hannunsa, fuskarta sai sheƙi take. Suka gaisa. Matar ta ce sunanta Binta, daga Batagarawa suke, maigidanta Babaji ne, allurarsa ta biyu ke nan.

"Kin ga yadda ta kama shi? Likita ta ce alama ce mai kyau. Ke ma mara lafiya kika kawo?"

Saura kaɗan Rahama ta gaya mata yadda ta Mudassir ta ƙare. Ta dubi hannuwan nan biyu da ke riƙe da juna, ta fasa.

"Na taɓa kawowa," ta ce. "Ki riƙa ba shi ruwa da yawa, ko ya ƙi. Kuma ki dafa mashi ƙafafu, nan sanyin ya fi kamawa. Allah ya ba shi lafiya."

Ta koma ciki ta faɗi abin da ta yanke. Sauran allurar da aka haɗa dominsa, wadda ba za ta yi wa kowa amfani ba, a ba ta. Yankin ƙarin mai rai kuwa a bar shi, tunda shi ya ce a bari. Amma ranar da aka gama da shi, ko bayan shekara nawa ne, kada a zubar a kwata. A neme ta, in ba ta raye a nemi Halima.

Aka dafa 'yan kwalaben allurar a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, aka naɗe aka ba ta. Ba su cika tafin hannu ba. A gida ta yanki farin ƙyalle ta suturta su, ta fesa turare. Malam Idi ya karɓa da hannu biyu, bayan la'asar ya tafi maƙabarta shi kaɗai, ya tona gefen kabarin ƙaninsa ya rufe. Da ya dawo ya tsaya daga zaure ya ce an yi, sai ta ji kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza ya ƙwace mata.

Ƙarar haƙoran ta ragu bayan haka, ko da yake ba ta ɗauke gaba ɗaya ba. Rahama ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana kai wa masu shaguna da kanta. Wajen tsakiyar damina ta ji labarin Babaji ya koma gona. Ba ta bincika abin da ya biyo baya ba, ba ta kuma son wani ya gaya mata.

Wata al'ada ce dai ta kama ta, wadda ba ta faɗa wa kowa ba. Duk sa'ad da aka ɗauke wuta a unguwa da rana, sai ta ajiye abin da take yi, ta yafa mayafi, ta hau Keke Napep zuwa bakin asibitin. Ba ta shiga. Takan tsaya jikin katanga, wajen masu sayar da lemo da ayaba, ta kasa kunne har sai ta ji janareto ya tashi daga bayan ginin, ta san akwatin nan mai ɗumi ba zai huce ba. Sannan ta sayi ayaba ɗaya ko biyu don kada a ce me ya kawo ta, ta juya gida.